Lambun Ɗan Haya

Malam Inusa ya gaji gidansa na unguwar Ridina a Injamena daga mahaifinsa, shi kuma daga nasa mahaifin, wani Bakatsine da ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya ya da zango a bakin kogin Shari, bai ƙara gaba ba har ya rasu. Gidan ya fi duk na layin fili, amma babu itace ko ɗaya a cikinsa. Kakan ya ce shi matafiyi ne, ba zai dasa abin da ba zai jira ba, 'ya'ya da jikoki suka taso a haka. Tsakar gidan baƙar laka ce, da damina ta riƙe wa mutum takalmi, da bazara ta tsattsage har kaza na iya karya ƙafa a ciki.

A shekarar 1993, bayan Inusa ya ajiye tuƙin babbar mota, ya ja gajeriyar katanga ya raba gidan biyu, ya sa ɗan haya a sashen baya. Sunansa Dawuda, mutumin Haɗeja, yana sayar da gwanjo a kasuwar Dembe. Bai iya Larabcin gari ba tukuna, ba shi da yawan magana ko da Hausar. Watansa biyu da tarewa ya zo ya durƙusa a ƙofar gida, inda Inusa da abokansa ke shan shayi kullum da la'asar.

"Maigida, izini nake nema. Ina so in ɗan dasa itatuwa a wajena."

Inusa ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "A wannan lakar? Dasa mana. In ka ga dama ka shuka shinkafa ma."

Dawuda bai dasa komai ba a shekarar. Ramuka ya haƙa guda shida, kowanne ya kai masa ƙugu. Ya sa aka kawo masa yashi daga bakin kogi a amalanke, ya cuɗa da kashin awaki da toka, ya cika ramukan, ya bar su ruwan damina ya bi ta kansu. Inusa kan leƙa ta saman katanga ya dawo ya ba majalisa labari: ɗan Najeriya dai har yanzu ramuka yake kiwo.

Da damina ta zagayo, Dawuda ya fara da zogale a gefen yamma, wai don ya tare wa na baya rana. Sannan ya haye gada zuwa Kusiri ya dawo da 'yan tsirrai a ledoji, waɗanda ba su wuce tsawon hannu ba: lemun tsami biyu, gwaiba ɗaya, da mangwaro mai aure ɗaya. Ramuka biyu ya bar su haka, ya ce bai gama shawarar abin da zai sa ba. Matarsa Murja ta daina zubar da ruwan wanke-wanke a waje, duk a gindin shuka yake ƙarewa.

Abin ya fara ci wa Inusa rai ne a shekara ta uku. Wata rana matarsa Hanatu ta kawo masa kwaɗon zogale da matsin lemun tsami a kai, ya ci ya suɗe hannu, ya tambayi inda ta samo lemo mai ƙamshi haka.

"A wajen su Murja. Malam, ka ga yadda wajen nan ya koma kuwa? Kana shiga iska ke canzawa."

Nan take daɗin ya fita daga bakinsa. Daga baya ya lura Hanatu a can take yin tsince-tsincen shinkafarta, a can take kitso. Ba a daɗe ba majalisa ma ta bi. Ranar da zafin Afrilu ya kai mutum ba ya iya taɓa ƙofar ƙarfe, amininsa Lukumanu ya ce su ɗauki butar shayin su koma inuwar Dawuda, yau kaɗai. Ba su dawo ƙofar gida ba sai da ruwa ya sauka. Inusa ya zauna a kan tabarmar ɗan hayarsa, a cikin gidan kakansa, ana ce masa sannu da zuwa.

Sai ya ce shi ma zai yi lambu, kuma wanda ya fi wannan. Bai tambayi kowa ba. Ya tafi wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi ya zaɓi duk wanda ya fi tsayi da faɗin ganye: gwanda, ayaba, wani fure ja da bai san sunansa ba, har da wani da mai sayarwa ya rantse masa tuffa ne. Ya tona laka iya zurfin fartanya ya cusa su, ana tsakiyar bazara. Dawuda ya tsaya a bakin katanga yana kallo.

"Maigida, da ka bari sai ruwa ya…"

"Na gode. Kafin a haife ka nake cikin garin nan."

Cikin sati uku duk suka bushe, banda ayabar da ta yi ta jan rai har damina ta zo ruwa ya kwanta a gindinta ta ruɓe. Inusa ya tuge su da kansa kafin 'yan majalisa su iso, ya ce awakin maƙwabta ne.

Shekaru suka yi ta tafiya. Dawuda ya cike ramukan nan biyu da ruman da fasadabur. Mangwaron ya wuce rufin ɗaki, ya miƙo reshe ta saman katanga, 'ya'yansa na faɗowa a sashen Inusa. Inusa ba ya ci. Yakan tattara su a kwano ya aika wa mai su, yana jin daɗin yadda Dawuda ke rasa abin cewa.

A 2001 aka yi bikin Lubna, 'yar Inusa. Dangin ango suka zo daga unguwar Mursal da mai hoto, mai hoton ya dubi tsakar gidan Inusa sau ɗaya ya ce a koma sashen baya. Duk hotunan bikin a lambun aka ɗauka. Kawun ango, wani dattijo mai faɗa a ji, ya kama hannun Dawuda a gaban jama'a ya ce da Larabci, shi duk mutumin da ya iya rainon itace haka ya yarda da shi ko ba shaida. Inusa na tsaye a gefe cikin sabuwar babbar riga, uban amarya, ba wanda ya waiwaye shi.

Bayan biki da kwana goma ya kira Dawuda.

"Ɗana Zakariya zai yi aure. Ina bukatar sashen."

Zakariya na can garin Mundu yana aiki, ko budurwa bai tsayar ba, kuma Dawuda ya san haka. Duk da haka ya ce, "Gidanka ne, Maigida. Allah ya sanya alheri." Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya yanki 'yan rassa. Ranar tashi ya so ya yi bayanin yadda ake ba kowane itace ruwa, Inusa ya ce kalas, ya isa haka, ya ji, itace dai ba jariri ba ne. Murja ta fita tana share ido da gefen mayafi. Hanatu ta yi wata guda ba ta yi wa mijinta maganar da ta wuce ga abinci ba.

Inusa ya rushe katangar. Yanzu inuwar tasa ce, mangwaron nasa ne, majalisa ta dawo hannunsa. Itatuwan kuma ba su yi fushi ba, suka ci gaba da 'ya'ya. Sai dai maƙwabta in za su aiko, cewa suke a sam musu lemun Dawuda. Lukumanu in ya tsotsi mangwaro sai ya girgiza kai ya ce, "Sahi, gaskiya mutumin nan yana da hannu." Inusa ya ƙudura sai lambun ya fi yadda aka bar masa. Ya tara ƙasa a gindin kowane itace ta yi tudu, yana ba su ruwa safe da yamma, ko da damina.

A shekara ta uku da tashin Dawuda, babban lemun ya fara zubar da ganye, wani ƙaro mai ɗanko na tsatsowa daga gindinsa. Inusa ya ƙara ruwa, abin ya ƙaru. Da ya ga na biyun ma ya soma, sai ya hau kilando, babur ɗin haya, ya nufi Dembe.

Ya sami Dawuda a rumfarsa. Suka gaisa, aka tambayi iyali. Inusa ya yi ta juya wanduna, ya gwada wata kwat mai kauri da ba zai taɓa sawa ba a zafin Injamena, har ya sa aka naɗe masa ita. Dawuda ya miƙa masa ledar, ya ce a hankali, "Wanne ne ba shi da lafiya?"

Inusa ya ji kamar ya jefar da kwat ɗin ya tafi. "Lemun," ya ce.

Ran Juma'a bayan masallaci Dawuda ya zo. Ya tuɓe riga, ya durƙusa, ya yi ta janye tudun ƙasar da hannu har saiwa ta bayyana. Bai ce wa ya tara ba. Ya kankare ɓawon da ya ruɓe da wuƙa, ya shafa toka. Inusa na tsaye yana kallon yadda hannun ke bin itacen ba tare da laluba ba, kishin nan na ranar bikin Lubna na dawo masa.

"Ƙaramin zai tashi in an bar shi ya sha iska," in ji Dawuda. "Babban ya tafi. Sai a cire a sa wani. Me kake so a sa, Maigida?"

Inusa ya waiga cikin lambun. Ya dubi gwaibar, ya dubi ruman, duk zaɓin wani ne.

"A sabon gidan naka me ka dasa?"

Dawuda ya lissafa: mangwaro, lemo, gwaiba, kashu, inabi ma yana gwadawa.

"Dabino fa?"

"A'a. Dabino na arewa ne, can wajen Faya. Nan damina kan lalata 'ya'yan kafin su nuna. Ga shi sai da namiji a kusa, kuma sai ka yi shekara takwas ko goma kana jira."

"Shi nake so."

"Maigida, da dai…"

"Shi nake so. Kai ba za ka dasa ba, ko?"

Dawuda ya dube shi, ya kau da kai yana danne murmushi. "Ba zan dasa ba."

Wani direba, tsohon abokin aikin Inusa, ya kawo masa 'yan tsirran dabino biyu daga arewa, mace da namiji, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Wannan karon ya haƙa rami mai zurfi da kansa, yana da shekara sittin da uku, ya yi kwana huɗu yana jinyar baya. Namijin ya mutu a daminar farko, macen ta kama.

Zuwa 2009 ta kai tsayin mutum, ba ta yi ɗa ko ɗaya ba. Duk baƙon da ya shigo, Inusa kan kama hannunsa ya kai shi gabanta tukuna, ya gaya masa daga inda aka kawo ta, ya ƙara da cewa duk Dembe, har shi Dawuda, ba mai irinta. Baƙon kan ce masha Allah, ya ɗan tsaya don kara, sannan ya tambaya ko za a shimfiɗa tabarmar a ƙarƙashin mangwaro.