Ofishin Shugabar Makaranta

Kaltum na tura ƙofar ɗakin malamai hira ta yanke, kamar an ɗauke wuta. Tun da aka ba ta shugabancin wannan firamare ta Moduganari haka ake yi mata, har da Serah, wadda suka shekara da shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya.

"Malam Babakura ya bugo daga ofishin ilimi," in ji Kaltum. "Ran Litinin za a koma karatu. Ya ce mutanen ambaliya da suka rage a azuzuwa su tashi kafin lokacin."

Wani malami ya sunkuya yana danna waya.

"Serah, ke kin saba da su. Ko za ki je ki yi musu bayani?"

Serah ta ɗago kai. Babu fushi a fuskarta, kuma hakan ya fi yi wa Kaltum ciwo.

"Ran da aka rage mana lokacin hutun tara, maigadi kika aiko ya faɗa mana. Yau kuma ni? Ke aka ba kujerar, Ma."

Kaltum ta fito. Gaskiya ce. Duk wata magana mai ɗaci sai ta sami bakin da za ta ɗora wa, ita kuma ta rufe ofis tana jiran ƙura ta lafa. Ta ɗan tsaya a baranda, ko wani zai biyo ta. Ba wanda ya fito.

Ta bi azuzuwan ita kaɗai. Yawancin mutanen sun sami dangin da za su raɓa, suka ce gobe za su kwashe. A aji na ƙarshe ne ta tarar da wata tsohuwa, Ya Ammatullahi, tana ƙulle tukwane a cikin zani. A kan tabarma, ƙarƙashin allo, jikarta Rumaisa'u na kwance da jaririn da ta haifa a nan cikin ajin.

"Wushe, Ya Ammatullahi," Kaltum ta yi mata sannu da yaren garin.

"Wushe, 'yata. Kada ki wahalar da bakinki, mun ji tun jiya."

"Ina za ku koma?"

"Gidanmu na Gwange ruwa ya cinye, ko bango bai bar mana ba. Mijin yarinyar nan yana Zabarmari wajen yankan shinkafa, a rumfa yake kwana." Tsohuwar ta ja ƙullin da haƙora. "Allah ba ya rasa inda zai ajiye bawansa. Yaran mutane ma suna da hakki, su yi karatunsu."

Da zagi ta yi, da Kaltum ta san yadda za ta yi da shi. Ta tsaya tana kallon jaririn, ko suna ba a raɗa masa ba tukuna. Sai ta fita bayan ajin ta kira Malam Babakura.

"Yallabai, azuzuwa za su zama babu kowa ran Litinin. Amma akwai mai jego da kakarta. Zan ba su ofishina har mijinta ya samo musu ɗaki."

"Malama Kaltum, kin san me kike faɗa? Ba sansani ba ne, makaranta ce. Masu duba makarantu na tafe."

"Na sani, Yallabai."

"To ki saurara. Ni ban ji wannan maganar ba. In ta tashi, ke kaɗai ce, kuma kin san akwai masu jiran kujerar nan."

"Ni na yanke, ni zan amsa."

Ya kashe wayar ba sallama.

Ta koma ɗakin malamai ta faɗa musu da bakinta, tana tsaye. Wani ya ce, "Allah ya kyauta." Serah ta kalle ta, sai kuma ta rataya jaka, don lokacin tashi ya yi. Ɗaya bayan ɗaya suka fice.

Kaltum ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu da shi. Ta jawo teburin ofis yana ƙara a kan siminti, ta huta, ta sake ja, har ta fito da shi baranda. Ta kwaso rajistoci da ƙararrawa, ta share ɗakin tas, sannan ta je ta ɗauko jaririn da kanta, Rumaisa'u na biye da ita a hankali tana dafa bango.

Ya Ammatullahi ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin tukwanenta a ka. Ta dubi ɗakin, ta dubi teburin da ke waje.

"To ke fa, 'yata? Ina za ki zauna?"

Kaltum ta waiga. Filin makarantar fayau, sai awaki biyu a gindin tuta, ga hadari yana haɗowa daga gabas. Sam ba ta yi wannan tunanin ba.

"Ku shiga tukuna," in ji ta.

Ta tura teburin ya matsa jikin bango, inda feshin ruwa ba zai kai ba, ta jawo kujerarta ta zauna.