Lahadin da Bedran Ya Ja Igiya

Malke ya faɗo daga tsani yana tsinkar inabi, ƙafar dama ta karye. Mutum ya haura saba'in, amma wai sai shi zai hau. Kafin mako ya zagayo 'yarsa Nisane ta sauka daga Sweden, kuma ba ta ɓoye abin da ya kawo ta ba, tafiya za ta yi da shi.

"Baba, ba gardama na zo yi ba," in ji ta tana gyara masa matashi. "Gidajenmu na Kiristoci Assuriyawa nawa suka rage a garin nan? Duk tsofaffi. Yau ƙafa ce. Ran da abin ya fi haka, wa zai ɗauke ka?"

Malke ya juya fuska bango. Ba ya son tafiya ko kaɗan, amma maganarta ta tsorata shi.

Ranar Asabar da la'asar Bedran ya shigo ba sallama, kamar kullum. Maƙwabcinsa ne, Bakurde Musulmi, katanga ɗaya ta raba su. A cinyar Malke aka yi wa ɗan Bedran kaciya, tun ranar gidajen biyu suka zama dangi, suna kiran juna kirivo.

"Gobe Lahadi, kirivo. Wa zai kaɗa maka ƙararrawar cocin?"

"Ba dai kai ba."

"Tun ina yaro ƙarfen nan ke hana ni barcin safe. Ai na haddace shi."

"Da sauri-sauri ake ja fa. Ban da tsayawa hutu."

"Ji gurgu yana koya wa mutane sauri. Miƙo mabuɗi."

Da safe Bedran ya kama igiya, sai ya tarar abin ba na wasa ba ne. Ya ja sau ɗaya, kafaɗa ta amsa. Ya tsaya yana haki. Ya sake ja, ya sake hutawa. A garin nan kuwa, Musulmi da Kirista, babu wanda bai san ma'anar bugu ɗai-ɗai ba: an yi mutuwa. Kuma kowa ya san wanda ke kwance.

Malke ya ajiye kofin shayinsa. "Shi ke nan, tsohon banzan nan ya kashe ni."

Hezal matar mai burodi ce ta fara faɗowa ɗakin, mayafi a hannu, tana kuka tana kiran sunansa. Ta gan shi zaune daram. Kukan ya tsaya cak.

"Au, kana nan?"

"Ki yi haƙuri, Hezal, ban samu tafiya ba."

Kafin a tare labarin, tsakar gida ta cika. Mazan gidan shayi sun zo, liman ya zo, mata sun shigo da tukwanen alkama da nama. Can sai ga Bedran dafe da kafaɗa, aka yi masa caa, yana rantsuwa wai igiyar ce aka ƙara wa nauyi. Malke ya yi dariya har ƙafar ta motsa, ya koma cije leɓe.

Nisane na tsaye bakin ƙofa lokacin da wani magidanci, Jemil, ya shigo da shebur, wandonsa duk jar ƙasa. Da ya ji yadda aka yi, kunya ta kama shi.

"Ki gafarce mu, 'yar'uwa, har mun fara haƙa kabari."

"A ina? Wa ya nuna muku wuri?"

"Gefen mahaifiyarki mana. Ai mu muka haƙa nata, mu muka ɗauke ta."

Nisane ba ta samu jana'izar uwarta ba, kwana biyu da binnewa ta iso. Ba ta taɓa tambayar kafaɗun da suka kai ta ba. Ta daɗe tana duban ƙasar da ke wandon Jemil, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Sannan ta miƙa wa Bedran hannu. "Kawu, ba ni mabuɗin kafin ka kashe wani." Ta leƙa ɗaki. "Ni zan riƙa kaɗawa har ƙafar ta warke, Baba. In ta warke ka karɓi abinka."

Jim kaɗan ƙararrawa ta ɗauka, da sauri-sauri. Malke ya lumshe ido yana saurare. Ta ɗan cika gaggawa, amma ya ƙyale ta.