Ginin da Ba Shi da Mai Gida

Ni ne nake hawa da magina kan dutse kowace safiya, in sauko da su da yamma. Motar ta tsufa, ni ma haka. Can sama iska ba ta isar huhu. Mutum ya ɗaga buhun siminti ɗaya sai ya tsaya yana haki. A nan masana daga ƙasashe da yawa suka ga damar jera manyan tankuna, kowanne ya fi gidana tsawo, a cika su da tataccen ruwa, a rufe ruf kada haske ya shiga. A gindin kowane tanki akwai idanu na gilashi. 'Yata Yaretzi ta ce wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani suna zubowa daga sararin sama, in sun ratsa ruwan sai su bar ɗan ƙyalli, idanun kuma su kama. Na ce mata to. Ban wuce firamare ba. Abin da na gane shi ne ita ce injiniyar sabon sashen da ake ginawa, kuma muddin ana ginin, a gidana take kwana.

Shi ke nan abin da nake nema a wajen tankunan. Wanta Ubaldo ya tsallaka iyakar arewa zuwa ƙasar Amurkawa da daɗewa, muryarsa kawai ta rage mana a waya. Ita kuma wani ɗakin bincike a Jamus yana ta kiranta. An gaya mata sarai: in damina ta sauka ba a rufe sabbin tankuna ba, za a miƙa aikin ga wani kamfanin birni, da nasu injiniyan.

Ƙarshen Afrilu, muna cikin hawa, Cleofas ya ƙwanƙwasa gaban mota da yatsa. Shi ne shugaban magina, shi ya riƙe Yaretzi ranar baftisma, saboda haka kompadre muke kiran juna, ita kuma tana kiransa padrino.

"Kompadre, ka tambayar mana shugabar tamu, wa zai ciyar da mu ranar gicciye?"

"Ga ta nan bayanka, bakinka ciwo yake?"

"Ai yanzu injiniya ce. Sai da ɗan aike."

Yaretzi ta ɗago daga wayarta, idanunta jajur don rashin barci. "Padrino, ina jinka."

"Uku ga Mayu ta ƙarato, 'yata. A kafa gicciye a ƙololuwar gini, fadan coci ya sa albarka, mai gini ya ciyar da magina da hannunsa. Da tsohon farfesan da ke shugabantar wurin yana nan, shi yake yi. Bara da ya yi ritaya ba wanda ya yi, muka yi shiru. Ba a yi wata ba Lalo ya faɗo daga kan katakon hawa. Har yau da sanda yake tafiya. Bana yarana sun ce in ba gicciye, ba mai taka tsani."

Ba wanda ya yi dariya.

Washegari da sassafe ta kai maganar taro. A teburin girkinmu take yin tarukan nan, don lokacin ne Turai ke farke. Fuskoki ƙanana cike da allon kwamfuta, kowa a akwatinsa. Ina shan kofi a bakin ƙofa, ba na jin Turanci, amma na san muryar mutumin da ke neman zillewa a kowane yare. Da ta rufe kwamfutar sai ta kifa kai a kan teburi.

"Me suka ce?"

"Baba, ƙarfen tankin na wata jami'a ne. Ledar da ke riƙe ruwan ta Amurkawa ce. Idanun daga Japan suka zo, wayoyin daga Jamus, ƙasar kuma ta gwamnati. Kowa ya ce kuɗinsa na kayan aiki ne, ba a rubuta nama a ciki ba. Wata ta ce alamar addini a kan kayan haɗin gwiwa sai kowa ya yarda. Wani ya ce gicciye a sama zai jawo tsawa. Wojtek, ɗan Poland ɗin nan, ya ce a kafa kawai, aka ce masa ba shi da ƙuri'a."

"To wa ke da ginin?"

"Duka. Ba kowa." Ta murje ido. "Sun kafa kwamiti. Zai zauna tsakiyar Mayu."

"Waliyyai za su jira kwamiti?" in ji uwarta Ofelia daga bakin murhu.

Yaretzi ta gwada da kanta. A gabana ta tari Cleofas a gindin tankin da ba a rufe ba, iska na neman tsige musu hula.

"Padrino, ni zan sayi naman. Da albashina."

"Ke ma'aikaciya ce kamar mu. Ma'aikaci ya ciyar da ma'aikaci, wannan kalaci ne, ba ranar gicciye ba. Kuma ni da na goge miki majina ba zan ci gumin ki ba."

"To yaya zan yi?"

"Kawo mana mai gida. Ko gurgu ne, ko Bajamushe, ya tsaya ya miƙa faranti ya ce ginina ne, Allah ya tsare masu yi mini."

Ina tuƙi ina duban gizagizai ta ɓangaren teku, kullum sai sun ƙara duhu. Ina ganin wasiƙar Jamus a idona duk da ban taɓa ganinta ba. Na gaji da dutse, na gaji da taro, na gaji da jiran mutanen da ban san sunayensu ba su yanke inda 'yata za ta kwana.

Akwai rago a bayan gida. Tun da Ubaldo ya tafi muke ajiye rago ɗaya don ranar da zai dawo. In ya tsufa mu sayar mu zaɓi wani a cikin 'ya'yan garke. Wannan shi ne ban san na nawa ba. Ana jibi ranar gicciye, na tsaya ina kallonsa yana cin kara, Ofelia ta fito da shanya ta gan ni.

"Fidencio, kar ma ka fara."

"Ban ce komai ba."

"Fuskarka ta ce. Na Ubaldo ne."

"Ubaldo bai ce yana hanya ba. Wannan kuwa tana nan, kuma tana iya tafiya."

Ta shanya riga ɗaya, ta shanya ta biyu, ta daɗe tana gyara wadda ba ta buƙatar gyara. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka yanko ganyen magey masu kauri na naɗe naman. Na bara da ka kawo duk sun ƙone."

A gida muka yi gashin rami, don wuta ba ta ci sosai can sama. Da safe muka tone, muka loda naman da zafinsa, da romon, da kwandon tortiya, gurasarmu ta masara, da fada a gaban mota yana riƙe da cikinsa a kowace kwanar hanya. Ofelia ta yi wa gicciyen katako ado da furannin takarda.

Yaretzi ta tare mu a ƙofar shinge. "Baba, ba zan iya barin a ɗora shi kan tanki ba. Ba a ba ni izini ba."

"Wa ya ce tanki?" in ji Cleofas. "Katakon hawa nawa ne, daga gidana na kawo shi. Kuma ya fi tankin tsawo. Kwamiti na da magana a kan katakona?"

Ta yi ɗan murmushi, na farko a makon. Cleofas ya juyo gare ni.

"Saura mai gida. Kompadre, naman naka ne, amma ginin fa?"

Na dubi tankunan. Ba ni da ko ƙusa ɗaya a jikinsu. Na ce, "Ni nake kawo ku, ni nake mayar da ku wa matanku. In ɗayanku ya faɗo, a motata zai yi jini. Abin da na fi so a duniya a cikin ginin nan yake. In wannan bai isa ba, ku ci naman ku tafi gida."

Cleofas ya sosa gemu ya dubi yaransa. Lalo ne ya ɗaga sandarsa daga inda yake zaune. "Ranka ya daɗe, mai gida! A ƙara mana albashi!"

Wuri ya kaure da dariya. "Mai gida, a sake mana mota, wannan ta fi kakata tari!" "Mai gida, ni ƙashin baya nake so!" Wani yaro ya hau ya ɗaure gicciyen, fada ya yayyafa ruwa, iska ta dawo masa da rabi a fuska. Na tsaya ina miƙa faranti ɗaya bayan ɗaya, ina cewa Allah ya tsare, har hannuna ya sage. Wojtek, wanda ya iso makon nan don haɗa wayoyi, ya shiga layi kamar kowa, ya zuba barkonon da ya fi ƙarfinsa, yana hawaye yana ɗaga mini babban yatsa.

Washegari kowa ya taka tsani. An ja rufin tanki na ƙarshe yayyafin farko na taɓa mana kafaɗa. Bayan an cika ruwa Yaretzi ta ja ni ɗakin na'urori ta nuna mini allo: ɗigo-ɗigon launi suna tashi suna ɓacewa.

"Ga su nan, Baba. Sun yi tafiyar da ba ta ƙirguwa kafin su iso nan."

"To sannunsu da zuwa," na ce. Kujera nake nema.

Kwamitin ya zauna a lokacinsa. Ban ji abin da ya yanke kan gicciye ba. Abin da na ji, a mota na ji shi, muna saukowa mu biyu, ruwa na dukan gilashi.

"Sun yaba ƙwarai, Baba. Sun ce ba wanda ya zaci za a gama." Sai ta ƙara da cewa, "Suna shirin wani ginin irin wannan, ya ninka shi girma, a duwatsun kudu, can wajen Chile. Ƙasashen ma sun fi yawa. Suna so ni in riƙe filin tun daga tushe."

"Shekara nawa?"

"Shiri kawai zai ci shekaru. Ginin kuma..." Ba ta ƙarasa ba.

Gangaren nan ba a ɗaga ƙafa daga birki. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na zuba wa hanya ido.

"Suna da magina a can?"

"Za a samu."

"Ki tambayi wa ke da gida tun kafin a haƙa rami."

Da muka iso, Ofelia ta dubi fuskar 'yarta, ta dubi tawa, ta gane. Da yamma na same ta a garke tana duba 'yan ragunan bana, tana buɗe musu baki, tana taɓa ƙashin baya. Ta ware ɗaya mai baƙin kunne. Ta tsaya jim. Sannan ta kamo wani ta tura shi gefen na farkon.

"Ka ƙara faɗin rumfar," ta ce. "Ba za ta ɗauki biyu ba."