Layin da Glenys Ta Tsallake

Na tsufa ina sayar da tarkace a kasuwar Wrexham, kuma ban cika mamaki ba. Wata Asabar, Glenys, wata tsohuwa da muka daɗe da sanin juna, ta tsaya kan tulin tsofaffin mujallun kwamfuta, irin waɗanda ake rubuta lambobin haɗa wasan kwamfuta a cikinsu layi-layi, sai mutum ya kwafe su cikin na'ura da yatsunsa kafin ya ga komai.

"Huw, kana da na'urar da ke cin wannan?"

"Akwai. Ke da ko rediyo sai an murɗa miki?"

"Rufe min baki, tsohon banza. Don Emrys ne."

Emrys mijinta ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara cewa uffan ba. 'Yarsu Nerys ta yanke a kai shi gidan kula da tsofaffi, wai ba ya gane kowa. Glenys ta ce yana ganewa, hujja ce kawai ba ta da ita.

Na kai musu na'urar, na jona ta a talabijin, Nerys na tsaye ta harɗe hannu. A zamaninmu haka ake yi: ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na bugawa. Glenys ta ɗora wa Emrys na'urar a cinya, ta gyara tabarau, ta fara jero lambobi kamar mai addu'a.

Ta yi ta karantawa. Shayin da aka ba ni har ya huce.

Can sai hannunsa na hagu ya ɗaga. Yatsa ɗaya, a hankali, harafi bayan harafi, babu kuskure.

Sun kai tsakiyar shafi sai hannun ya tsaya cak. Glenys ta maimaita, ya ƙi motsi.

"Mama, ya isa haka," in ji Nerys. "Kin gajiyar da shi."

Bakin Emrys ya yi ta kokawa da kansa. Muryar ta fito kamar ƙofa mai tsatsa.

"Kin tsallake layi, makauniya."

Na leƙa mujallar. Wallahi ta tsallake. Ashe wasa ne da ya taɓa kwafa tun Nerys na rarrafe, har yau yana kansa.

"Makauniyar da ta aure ka," Glenys ta ce, hawaye na ɗiga kan takardar.

Nerys ta cire kwat ɗinta, ta durƙusa gefen kujerarsa, ta karɓi mujallar.

"Baba, daga ina zan ci gaba?"