Laimar da Baba Sajo Ya Kawo Daga Boma

Ranar da ƙafafun Baba Sajo suka daina kai shi masallaci, sai ya aika a kira masa 'yarsa Altine daga Gude. Ta iso Kutama da hantsi, ta same shi kwance kan tabarma a ƙofar ɗaki. Shekarunsa casa'in da bakwai, idanu sun daɗe da rufewa, amma bakin yana nan da kaifinsa.

"Wa nake ji yana jan takalmi kamar tsohuwa?"

"Ai tsohuwar ce, Baba. Ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi murabus, ko sallama bai yi mini ba. Shiga ki ɗauko akwatin nan."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Altine tana tsoron wannan rana.

Duk wanda ya tashi a gidan ya san akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A cikinsa akwai wani farin ƙyalle mai laushi kamar ruwa, ragowar laimar da jirage ke sako kaya da ita a yaƙin Boma, inda ya yi soja. Baba Sajo ya ɗinke shi ya zama shimfiɗa guda, kamu goma sha biyu cif, ya kuma sanar da kowa cewa likkafaninsa ne.

Ta ajiye akwatin a gabansa. Bai buɗe ba. Ya dafa murfin ya soma labarin da ta ji ya fi sau ɗari.

"Kwana shida muna kan dutse, Japanawa sun tare hanya, muna tauna ganye kamar awaki. Sai ga jirgi ƙasa-ƙasa, ƙofarsa a buɗe, wani yaro yana tunkuɗo buhunan shinkafa. Har hannu ya ɗago mana, Altine! Ya sako na ƙarshe, jirgin ya juya, hazo ya rufe masa wani dutse, ya yi karo da shi. Mu muka hau muka ɗebo gawarwakinsu. Yaron ko gemu bai yi ba. Sajenmu ya karanta rubutun kafaɗarsa, ya ce mutumin Kanada ne, ƙasar da ruwa ke daskarewa ya zama dutse. Na ce to me ya kawo ɗan ƙanƙara da ɗan Kutama daji ɗaya? Na raba laimar da ya sako mana biyu, na naɗe shi a rabi. Ban san sunansa ba. Shinkafarsa dai ita ce ku duka."

Ya buɗe akwatin, ya zaro ƙyallen, ƙamshin kanumfari ya tashi. Sai ya kama bakin ƙyallen ya soma aunawa, daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa, yana ƙirga a fili.

Altine ta runtse ido. Ta ga kanta tana 'yar shekara ashirin, ta zo wankan jego na fari a wannan gida. Jaririyar ta kwana goma sha tara a duniya, zazzaɓi ya ɗauke ta wata safiya. Aka sayo alawayyo daga Gwarzo, ta taɓa shi ta ji kaushi, zuciyarta ta ƙi. Yaya za a naɗe fatar da ko rana ba ta taɓa gani ba a cikin wannan? Maza suna waje wurin haƙa kabari, ta lallaɓa ɗakin Baba da almakashi. Daga ranar ba ta faɗa wa kowa ba, ba ta kuma sake ambaton sunan yarinyar ba, domin sunan da satar sun zama abu ɗaya a maƙogwaronta.

"Bakwai," in ji Baba Sajo. "Takwas. Tara."

Yatsunsa suka iso bakin ƙyallen, inda yankan ya karkace. Ya tsaya nan yana shafawa.

"Wanda ya yi yankan nan dai ba tela ba ne."

"Baba..." Ta durƙusa, tsohuwa mai jikoki, ta kifa goshi a gefen tabarma. "Ni ce. Ni na yanka. Na cuce ka, na rage maka suturarka ta ƙarshe. Ka yafe mini."

"Wa kika yankar wa?"

"Ka sani ai, jaririyar nan."

"Jarirai da yawa aka haifa a gidan nan. Wacce?"

Ta buɗe baki, abin ya ƙi fita. Kaza ta ratsa tsakar gida da 'ya'yanta. Ta sake gwadawa.

"Aisha Humaira."

Sunan ya fito a dishe, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Sai kuka ya biyo shi, irin wanda ba ta yi ba ranar jana'izar.

Tsohon ya laluba har ya sami kanta.

"Wa kike zaton ya sa ta a kabari? Ni na karɓe ta da hannuwan nan. Ina taɓa ƙyallen na gane shi. Na ce a raina, alhamdu lillahi, jikata ta tafi cikin laushi. Na yi ta jira ki zo mu yi kukanta tare, ke kuwa kullum kika ga akwatin sai ki sake hanya."

"Me ya hana ka magana, Baba?"

"Na ga kin rufe, na ji tsoron in buɗe miki da ƙarfi. Ni ma laifina ke nan. Shekara arba'in, 'yar nan. Mun yi asara."

Ta share fuska da bakin mayafi. "Yanzu ba zai ishe ka ba."

"A cika da alawayyo. Fatata ta sha ƙaya da duwatsun Boma, ba za ta yi ƙorafi ba. Amma ke za ki ɗinka, kuma wannan karon ki miƙe layi."

Ta yi dariya cikin hawaye.

Ranar Alhamis ta sayo kamu uku a Gwarzo. Ta zauna kusa da shi tana haɗa mai laushi da mai kaushi, shi kuma yana tambayarta kamannin yarinyar, tana faɗa masa: gashin, ɗan tabon bayan kunne, yadda take damƙe yatsa. Kwana tara bayan ta ƙulle zaren ƙarshe, Baba Sajo ya cika, aka zo aka karɓi ƙyallen daga hannunta.