Zanen Dodon da Ƙanena Ya Saya

Ɗana ba ya iya riƙe na'urar wasan bidiyo, hannuwansa ba su da ƙarfi tun haihuwa. Ni kafinta ne, sai na ƙera masa allo mai sanduna, in ya taka su, sai su danna maɓallan. Wata uku ina fama da shi.

Ran nan wata ƙungiya ta yi gwanjon zane-zanen wasannin bidiyo don saya wa yara irinsa na'urori na musamman. Na je da niyyar sayen ƙarami. Ƙanena ya ɗaga hannu ya sayi mafi girma, zanen wani dodo mai fukafukai, aka yi ta tafa masa.

Da na'urar da ƙungiyar ta saya wa ɗana ta iso, matata ta kai allona bayan ƙofa. A ranar yaron ya ci wasan da ya gagare shi shekara guda.

"Baba, kira mini Baffa in gaya masa!"

Na kira, na riƙe masa wayar a kunne. Suka yi ta dariya har hannuna ya sage.

"Yaya, na ji ka shiru," in ji ƙanena da na karɓa.

"Murna ce," na ce.