Tattakin Inna Mu'minatu

Shekara biyu bayan rasuwar mijinta, Inna Mu'minatu ta fara haki ko da shara ta yi a tsakar gida. Ta daɗe da ciwon suga, ƙwayoyi take sha. Da aka ɗauki hoton zuciyarta a asibiti, likita ya ce sugan ya fara taɓa ta, naman zuciyar ya yi tauri, ba ya sakewa sosai jini ya cika ta. Ya mayar da ita kan allurar insulin, ya ce ta riƙa tattaki da safe a hankali, kuma kada ta kuskura ta yi allura ba ta ci abinci ba.

Allurar ba ta ba ta wuya ba. 'Yarta Raihana, da ke aure a Ringim, ta zo ta koya mata yadda ake yi a fatar ciki, ta koma. Tattakin ne ya dame ta. A unguwarsu Yalwawa dattijuwa ba ta fita haka kawai. Duk wanda ta gamu da shi sai ya tambaya ko rasuwa aka yi. Sai ta riƙa cewa dubiya za ta, ta miƙe har gindin duwatsu, ta tsaya ta kalli awaki, ta juyo.

Cin abincin ma ya zame mata aiki. Tun da mijinta Malam ya tafi, ba ta jin daɗin ɗora tukunya don bakinta ita kaɗai. Wata safiya ta yi allura, ta kurɓi ruwan shayi, ta fita. Kafin ta kai unguwar Limawa gumi ya jiƙa mata hijabi, zuciyarta na bugawa da sauri. Ta zauna a dakalin wani gida.

Wata mai suyar ƙosai, Hindatu, ta lura da ita. Mijin Hindatu ma mai ciwon ne, ta gane sugan jikinta ne ya sauka, don haka ba ta ɓata lokaci ba, ta zuba wa koko sukari sosai ta miƙa mata. Da idanunta suka washe, Hindatu ta tambaye ta wa za a kira a gida.

"Babu kowa, 'yata," in ji Inna Mu'minatu. "Ni ce gidan."

Hindatu ta haɗa mata da ƙosai, ta sa mai adaidaita ya kai ta har ƙofa.

Daga ranar ba ta sake fita da yunwa ba. Takan dama kunu, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta shanye ko ba ta so. Hakin ya ragu, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafa.

Bayan damina aka sake duba ta. Likita ya ce sugan ya daidaita, zuciyar ba ta ƙara lalacewa ba, har ma ta ɗan samu sauƙi. Ta fito tana murmushi, ta kira Raihana. Raihana ta ce alhamdu lillahi, amma yaro na kuka, za ta kira anjima.

Inna Mu'minatu ta ɗan tsaya riƙe da wayar a inuwar darbejiya. Masu adaidaita suna ta kiranta. Ta girgiza musu kai, ta gyara hijabinta, ta kama hanyar gida da ƙafa.